Karen da muka raina, shi Turawa suka yi wa takarda

 Yau tarihin da za mu taɓa na wata dabba ce da yara ke jifa da dutse, manya ke kora da tsawa, amma babu ƙauye ɗaya a ƙasar nan da ya kwana ba ta. Kare muke nufi.

Mun san wani zai yamutsa fuska ya ce duk tarihin sarakuna da malamai da ke Damagaram, sai kare? To a yi mana haƙuri a saurara. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, a ƴan shekarun nan in ka ratsa sababbin unguwannin Damagaram da dare, haushin da kake ji daga bayan manyan ƙofofin ƙarfe ba irin wanda muka tashi da shi ba ne. Murya ce mai kauri, ta karen da aka yi wa kuɗi. Samari kuma suna ɗora hotunansu a Facebook da TikTok riƙe da sarƙar wani ƙaton kare mai gashi. Ka tambaye su wane kare suka fi so, sai ka ji karen Jamus, ko Rotwaila, ko Burbul na Afirka ta Kudu. Da wuya ka ji wanda ya ambaci namu. Alhali a Faransa da Amurka akwai mutanen da ke jiran layi don su sami ɗan kwikwiyon karen da asalinsa ƙasar Nijar ce.

Mu koma baya tukuna. Masarautar Damagaram ta kafu ne wajajen 1731, kuma kafin Sarki Sulaiman ya mai da fada Zindar a farkon ƙarni na 19, zuri'ar sarakunan ta zauna a garuruwa da dama na wannan yanki, Gaffati na cikinsu. A wancan zamani gari tsibiri ne a cikin daji. Ka fita daga gonakin bayan gari kaɗan, sai dawa: kura, dila, gada, barewa, zabin daji, can arewa kuma jimina da mariri. Dare in ya yi, abin da ke tsakanin kura da garken awaki shingen ƙaya ne da kare. Shi ya sa bahaushe ya ce kare ka mutu da haushin kura. Ya san kare ba zai kayar da kura ba, amma ya san haushin nan shi ke tayar da maigida ya fito da sanda da wuta.

Kakanninmu ba su raba karnuka da jinsi kamar yadda Turawa ke yi ba. Da aiki suke raba su. Akwai wanda ke kwana a ƙofar gida, akwai wanda ke bin garke, akwai kuma karen farauta, wanda shi ne ɗan gata a cikinsu. A ido duk kusan siffarsu ɗaya: matsakaicin jiki, gajeren gashi, launin ja-ja ko ruwan ƙasa, wani da fari a ƙirji da ƙafafu, wani baƙi ƙirin a kira shi Duna. Abincinsa ƙanzo, dusa, ragowar tuwo, in an yi yanka ya sami ƙashi. Da wannan yake rayuwa a zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan kare a takarda. Yunwa da zafi da kaska ne suka tace shi, wanda bai iya jurewa ba ya mutu tun yana kwikwiyo, wanda ya rage ya haifi irinsa.

Amma mafarauci yana da ido. Tun kwikwiyo na shan nono yake zaɓe: ya duba zurfin ƙirji, ya duba tsawon ƙafa, ya duba wanda ke ture ƴan uwansa ya kai ga mama. Wasu su yanke masa kunne don kada abokin faɗa ya sami wurin kamawa, wasu su rataya masa laya a wuya saboda baki. Sai a fara fita da shi tare da manyan karnuka, ya ga yadda ake tayar da zomo, yadda ake tare shi in ya yi kwana, da kuma babban darasi, wato ya kama ya riƙe, kada ya ci. Wannan horo ba na kwana biyu ba ne, shi ya sa ake cewa ba a kiwon kare ranar farauta.

Ita farautar kuwa, sai an gama girbi an kai amfani rumbu. Rani ya shiga, a yi shela, ganga ta tashi, ƙauyuka su haɗu a wani daji da aka ambata. Kowa da gorarsa ko barandami, ƴan tauri da wuƙaƙensu da kirarinsu, karnuka na ja da igiya. A jeru a shiga dajin ana ihu. Zomo na tashi, sai a saki karnuka, daga nan kuma sai gudu, don kowa ya ci zomo ya ci gudu. A al'ada naman na wanda karensa ya fara kamawa ne, kuma a nan rigima take, don kare biyu na iya cafke zomo ɗaya, kowane maigida ya rantse nasa ne ya riga. An sha fasa kai a kan zomon da bai cika tukunyar miya ba. Wanda bai san abin ba zai ce hauka ne. Ai ba naman ake yi wa ba, sunan kare ake karewa, sunan kare kuwa sunan maigidansa ne da na garinsu. Mafarauci na iya kwana da yunwa ya ba karensa abincinsa. In karen ya mutu, za ka ga namiji mai gemu ya yi shiru kwana da kwanaki.

Har sunayen ma abin saurare ne. Ban da irin su Zaki da Damisa, akwai sunayen habaici, irin su Bar-su ko Ƙyale-su. Mutum na da maƙwabcin da suke ƴar tsama, ba zai iya fitowa ya faɗa masa magana ba, sai ya laƙaba wa karensa. Kullum da safe ya tsaya ƙofar gida ya ƙwala wa kare kira, saƙo ya isa, ba a yi faɗa ba.

To wannan karen ƙauye ke nan. Akwai kuma na arewa, kuma nan ne tarihin Damagaram ya haɗu da na Sahara. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi dogon mulki daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, Damagaram ta zama babbar tashar ayarin da ke tsakanin Kano da Tarabulus. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya sauka a garin a ƙarshen 1852. Unguwar Zango ita ce masaukin fatake: Larabawa, da Abzinawan Kel Ewe da ke gangarowa daga duwatsun Azbin ta Damargu, su kawo gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi, fatu da gashin jimina. Su waɗannan mutanen arewa suna da wani kare da ya sha bamban da na ƙauyukanmu, kuma har gobe in ka shiga rugagen Abzinawa da Fulani a Damargu, wajen Tanut, za ka ga masu kama da shi: dogo, siriri, ciki a ɗame kamar bai taɓa ƙoshi ba, kana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa.

Cibiyar wannan kare kwarin Azawak ce, can arewacin Tawa har cikin Mali. Abzinawa suna kiran kowane kare idi, amma wannan na musamman suna ce masa oska. Namiji na kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyinsa kuwa kilo 20 zuwa 25 kacal. Da ido yake farauta, ba da hanci ba. Ya hango barewa a fili, sai ya miƙe, gudunsa na haura kilomita 60 a awa, kuma yana iya daɗewa yana yi cikin zafin da zai kashe wani karen. Ga shi da halin da masu shi ke so ƙwarai: baƙo ba ya ganin fara'arsa, amma mutanen gidansu yana kwana a jikinsu. Dare ya yi, shi ne mai gadin tanti da garke. Ga al'adar masu shi, irin wannan kare ba kayan kasuwa ba ne, kyauta ake yi da shi ga wanda ake girmamawa. Mafaraucin Damagaram da ya sami jinin wannan kare a cikin nasa, ya san ya yi sa'a, don ƙafar na arewa in ta haɗu da juriyar na ƙauye, zomo ya shiga uku.

Sai mu zo ga tambayar da muka san tana bakin mutane da yawa: ina matsayin addini? Damagaram garin malamai ne, kuma a zaurukan Birni an daɗe ana karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996. Abin da aka koya mana a mazhabar Malikiyya a bayyane yake. Ba a ajiye kare a gida don sha'awa kawai, an yarda da shi don kiwo, gona da farauta, kuma hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa wanda ya ajiye shi ba don waɗannan ba, ladansa na raguwa kullum. In ya sa baki a ƙwarya, a wanke sau 7. Amma abin da da yawa ba su riƙe ba shi ne, a wurin Imam Malik kare mai rai ba najasa ba ne, wankin nan bin umarni ne. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya halatta abin da horarren kare ya kamo, in an ambaci sunan Allah wajen sakinsa. In an tarar da dabbar da sauran rai, a yanka, shi ya sa kake ganin mafarauci na bin karensa a guje da wuƙa a hannu. Ga karen Ashabul Kahfi, ga hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Masu sharhin Risala ma suna kawo labarin cewa shi kansa Ibn Abi Zaid, da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, ya ajiye kare. Da aka tuna masa ra'ayin Malik, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki ma zai ajiye.

A ganinmu wannan karatu ne ya gina yadda bahaushe ke zama da kare. Ba ya shigar da shi ɗaki, ba ya sumbatarsa, sunansa ma zagi ne a bakinsa. Amma yana girmama aikinsa. Ƙaunar kare a ƙasar nan ƙaunar ma'aikaci ce mai amana, kuma karen da ba shi da aiki ba shi da mai shi.

Yanzu ga wani daidaituwar tarihi mai ban mamaki. A watan Yuli 1899 sojojin Faransa suka ci Damagaram a yaƙin Tirmini, Sarki Amadu Kuran Daga ya fita daga Birni, aka kashe shi bayan ƴan makonni. A watan Afrilun wannan shekara dai, can a Jamus, wani tsohon hafsan sojan doki mai suna Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar da ta tsara karen makiyayan Jamus, ta buɗe masa littafin rajista. Ke nan karen da samarinmu ke alfahari da shi yau, a matsayinsa na jinsi mai takarda, bai girmi zuwan Turawa Damagaram ba. Namu kuwa, masu kama da shi suna nan zane a duwatsun Tasili, cikin Saharar Aljeriya, suna bin namun daji tun dubban shekaru.

Ba mu ce karen Jamus ba shi da kyau ba, a'a. Wanda ya taɓa ganin yadda yake aiki a hannun jandarma ko ƴan duwan, yana shinshino abin da aka ɓoye a mota, ya san Allah ya ba shi kai. Yana ɗaukar horo da sauri, yana jin umarni, ga kwarjini. Rotwaila da Burbul kuwa, ɓarawo na jin muryarsu zai canza unguwa. Tun lokacin da Zindar ta zama babban birnin Nijar, daga 1911 zuwa 1926, idon mutanenmu ya saba da ganin Bature da karensa a gefe, mai tsabta, mai ƙiba, ana kiransa yana zuwa. Daga nan tunanin ya shiga cewa karen kirki shi ne karen Turawa. Yau abin ya zama har da nuna hali: kamar mota, kamar waya, kare ma alama ce ta cewa an samu.

Su kuwa Turawan, idonsu na kan namu. A farkon shekarun 1970 wani jami'in diflomasiyyar Yugoslabiya da ke aiki a yankin nan ya koma gida da karnukan Azawak, sojoji da ma'aikatan Faransa su ma suka riƙa komawa da su. A farkon shekarun 1980 babbar ƙungiyar duniya mai rajistar jinsin karnuka, FCI, mai hedikwata a Beljiyam, ta amince da shi a matsayin jinsi mai zaman kansa, da lamba 307. A takardar an rubuta cewa asalinsa iyakar Mali da Nijar, amma ƙasar da aka damƙa wa kula da ƙa'idojin jinsin ita ce Faransa. Ya isa Amurka a shekarun 1980, kuma a 2019 babbar ƙungiyar karnukan Amurka, AKC, ta ba shi cikakkiyar rajista. Kuma ku ji wannan: ƙa'idar FCI ta yarda ne kawai da launin rairayi zuwa ja mai duhu, ko da ratsin baƙi ko babu, da ɗan fari a ƙirji, ƙafafu da bakin wutsiya. Wato karen da aka haifa a tsakiyar Azawak, uwa da uba duk oska, in ya zo baƙi ko dabbare-dabbare, alƙalin gasa a Faransa zai ce bai cika ba. Amurkawa dai sun ce kowane launi ya shigo.

Abin takaicin shi ne, shekarun da ake yi masa takarda a can, su ne shekarun da aikinsa ke ƙarewa a nan. Farin 1973 da na 1984, wanda mutanenmu ke kira El Buhari, sun karkashe garke, makiyaya da yawa suka watse zuwa birane, kuma wanda ya rasa abin ba ƴaƴansa ba zai ciyar da kare ba. Namun daji kuma mota da bindiga suka gama da su, ba kare da gora ba. Mariri ya ɓace daga Nijar, har a 2000 aka ayyana cewa babu shi a daji ko'ina a duniya, sai daga baya aka sake sakin wasu a Chadi. Jama'a ta ƙaru: a 1960 mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba, ƙidayar 2012 ta ba da sama da miliyan 17. Dajin da kakanninmu ke farauta tsakanin Gaffati da Mirriya yau gona ce ta haɗe da gona. Gwamnati ta kafa dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998, sannan a 2012 aka keɓe gandun Tarmit da Tin Tumma don ceto abin da ya rage. Dokar tana da hujja, ba mu musa ba, kuma mafaraucin da ya fita ba izini ya san zai gamu da ma'aikatan gandun daji. Sai dai sakamakon a kan kare shi ne: an bar shi ba sana'a.

Karen da ba sana'a kuwa mun faɗa, ba shi da mai shi. Shi ne kake gani a bola da bayan mahauta. Wasu kuma masu saye ne ke bi ƙauye-ƙauye suna kwashe su, a loda a mota a yi kudu, har kasuwar karnuka ta Dawaki a jihar Filato ta Najeriya, inda masu cin namansa ke jira. Waɗanda suka rage a gari suna barbara da na waje, ana samun ƴaƴan da ba su da juriyar uwa, ba su kuma da kan uba. Shi kuma mai karen Turawan, in bai shirya ba, wahala ya saya. Karen Jamus namiji na kai kilo 30 zuwa 40, ga gashi ninki biyu da aka yi don sanyin Turai. Ƙanzo ba ya riƙe shi, sai nama da shinkafa. Kaska ta kama shi, sai likitan dabbobi. Da yawa ana ɗaure su da gajeriyar sarƙa a rana daga safe har dare, kare ya haukace da ƙunci, ranar da ya tsinke kuwa yaron maƙwabta ne ke biya.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya shafi kowa, mai kare da marar kare: ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, babu magani. Amma tun 1885 Louis Pasteur ya gwada allurar da ke tare shi kafin ya bayyana. Kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, abu na farko a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace, kada kuma a tsaya ga tofi da ɗaurin magani kaɗai. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, ciwon na yankewa. Bi da su da guba ko sanda ba ya yanke shi, don wasu ne ke shigowa su cike gurbin. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, kuma allurar da ake yi wa karen Jamus a Damagaram, ita ce dai ake yi wa Duna a Gaffati.

Har yanzu akwai dattawan mafarauta a ƙauyukanmu da za su kalli kwikwiyo ɗan kwana 20 su gaya maka ko zai kama zomo ko ba zai kama ba, su kuma lissafa maka uwarsa da kakarsa da garin da aka samo su. Wannan ita ce rajistarmu, a ka take, ba a littafi ba. Samarin da ke son kare da gaske, maimakon a aika kuɗi Kano ko Yamai a kawo wanda zai kwana yana haki, a je a zauna da waɗannan dattawa tun suna nan, a nemi kwikwiyo daga hannunsu, a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allura in ya kai wata 3.